Shekarun Da Ake Tsallakewa A Tarihin Manya

Duk wanda ya saba zuwa taron naɗin sarauta, ko ƙaddamar da littafi, ko bikin ba da digirin girmamawa, ya san lokacin nan da ake kiran wani ya karanta taƙaitaccen tarihin babban baƙo. Baƙon ya miƙe tsaye, mai karatu ya faro daga ranar haihuwa, ya bi ta makarantar allo da firamare, ya haura jami'a, sannan ya shiga jero muƙamai. Ni na daɗe da daina sauraron kirarin, shekarun nake bi. Idan ka kasa kunne, sau da yawa za ka ji an zo wani wuri an yi tsalle. An ce ya zama kwamishina a shekara kaza, can sai ka ji ya "koma harkar noma da kasuwanci", ba a faɗi ranar da ya bar ofis ba, balle dalili. Rabin mutanen da ke zauren sun san abin da ya faru a tsakani, wasu ma da su aka yi. Amma sai a tafa, kowa ya zauna.

Irin wannan tarihi, wanda ake gani a ƙasidar taro, da shafin intanet na ma'aikata, da bayan littafi, da takardun da ake miƙa wa majalisa ranar tantance minista, ba malamin tarihi ke rubuta shi ba. Jami'in yaɗa labarai ne, ko wani hadimi, ko shi mai tarihin da hannunsa. Aikin takardar guda ɗaya ne, ta nuna cewa wannan mutum ya cancanci kujerar da yake kai. Shi ya sa ranar da kujerar ta kuɓuce, takardar ma sai ta rasa madogara. Daga nan alƙalami ya koma hannun wanda ya yi rinjaye, ko kuma ya rage a hannun wanda ya faɗi yana neman yadda zai tashi. Kowannensu kuma akwai abin da yake so a manta.

Babu inda aka yi wannan aiki ƙiri-ƙiri kamar Tarayyar Sobiyet. Lavrenti Beria ya shugabanci 'yan sandan asirin Stalin tun 1938, kuma babban kundin ilimi na ƙasar ya ware masa shafuka da hoto, cike da yabo. Stalin ya mutu a Maris 1953, abokan mulki suka kama Beria a watan Yuni, aka harbe shi a Disamba. Ba a jima ba sai waɗanda suka sayi kundin suka sami wasiƙa daga maɗaba'a, tana umartar su da su ɗauki almakashi ko reza su yanke shafi na 21 zuwa na 24 a juzu'i na biyar, su liƙa sababbin shafukan da aka aiko musu. A gurbin Beria aka faɗaɗa wasu bayanai, har da hotunan tekun Bering, don dai adadin shafuka ya daidaita. Wanda Beria ya gada ma, Nikolai Yezhov, haka aka yi masa. Akwai sanannen hoton da yake tafiya kusa da Stalin a bakin wata mashigar ruwa. Bayan an kashe shi a 1940, aka sake fitar da hoton, inda yake tsaye babu komai sai ruwa.

Ba tausayin Beria nake ji ba. Mutum ne da jinin dubban bayin Allah ke wuyansa. Abin da ya dame ni shi ne, almakashin bai hukunta shi ba, ya dai kuɓutar da waɗanda suka zauna teburi ɗaya da shi shekara da shekaru suna sa hannu a takardun kisa. Da an bar shafukan an ƙara bayanin laifinsa a ƙasa, da mai karatu ya tambayi wa ya ɗaga shi, wa ya yi ta yabonsa. Da aka yanke shi ɗungurungum, tambayar ma sai ta bi shi. Kusan duk inda ka ga hukuma ta goge wani daga tarihinta, kanta take karewa.

Kada a ɗauka wannan tsohon yayi ne. An naɗa Qin Gang ministan harkokin wajen Sin a ƙarshen Disamba 2022. Daga 25 ga Yuni 2023 aka daina ganinsa, bayan wata guda aka sanar da cire shi ba tare da an faɗi dalili ba, kuma cikin sa'o'i sunansa da jawabansa suka ɓace daga shafin ma'aikatar, sai bayan kwanaki wasu suka dawo. Shekara guda bayan haka jam'iyya mai mulki ta ce ta karɓi takardarsa ta ajiye kujerar kwamitin tsakiya. A Masar kuwa, Muhammad Najib shi ne shugaban ƙasa na farko bayan an kawar da sarauta. Ya saɓa da Jamal Abdul Nasir, aka sauke shi a Nuwamba 1954, aka tsare shi a gida har zamanin Sadat. Yara da yawa suka tashi a makarantun Masar suna ɗauka Nasir ne shugabansu na farko, alhali tsohon yana nan da ransa a wajen birnin Alƙahira. Sai a 1984 ya rasu.

A wajenmu almakashi bai cika aiki ba. Mu da kalma muke gyara, kuma kalmar da ta fi kowace ɗaukar wannan nauyi ita ce murabus.

A 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya bar gadon sarauta, bayan binciken kuɗin En'e ta Kano da gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani jami'i Bature, Muffett, ya yi. A takarda, murabus ya yi. Amma mai murabus don kansa ba a ɗaukarsa a kai shi Azare ya shafe shekaru kusan ashirin, kafin ya dawo Wudil inda ya rasu a 1991. Kalmar ta yi wa kowa sutura: gwamnati ba ta tuɓe babban sarki ba, sarki kuma ba a tuɓe shi ba. Wanda ya karanta jerin sarakunan Kano kawai ba zai ji ƙamshin rikicin da ya shiga tsakanin fadar Kano da gwamnatin Sardauna a Kaduna ba, rikicin da har yau masana ke muhawara a kan ko kuɗi ne tushensa ko iko.

Jikansa kuma ya nuna mana yadda suna kaɗai ke zama fagen daga. A Fabrairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamiɗo Sanusi daga shugabancin Babban Bankin Najeriya. Gwamnati ta ce saboda sakaci da kuɗin bankin ne. Shi da masu goyon bayansa suka ce don ya fallasa cewa kamfanin mai na ƙasa bai zuba dala biliyan 20 a asusun gwamnati ba. Har yau, ka ba ni tarihinsa in karanta jimlar da aka rubuta a kan wannan wata, zan gaya maka ɓangaren marubucin. Ya zama sarki a Yuni 2014, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta tuɓe shi ranar 9 ga Maris 2020 bisa zargin rashin biyayya, aka kai shi jihar Nasarawa. Daga ranar nan mutum ɗaya ya sami sunaye uku. Masu adawa suna cewa tuɓaɓɓen sarki. Masu sassauci suna cewa sarki murabus, suna aro kalmar kakansa duk da shi bai rubuta takardar ajiye sarauta ba. Masoya kuwa suka zaɓi "Sarkin Kano na 14", laƙabin da babu ƙarya a cikinsa, amma kuma bai yarda an sauke kowa ba. Da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta mayar da shi a Mayu 2024, sai aka shiga kiransa na 16, ɓangaren Aminu Ado Bayero, sarki na 15, kuma suka tsaya a kan cewa bai sauka ba. Ba ina raba gardamar sarautar Kano a nan ba. Ina nuna cewa lamba ɗaya a gaban suna tana iya ɗauke da hukuncin da kotu ma ba ta gama yankewa ba.

Ofisoshin gwamnati da kamfanoni suna da nasu murabus ɗin. "Ya ajiye aiki don raɗin kansa." "Ya kammala aikin da aka ɗora masa." "An yi masa ritaya." "Ya tafi ƙaro karatu." Wani lokaci ma ba a taɓa kalma ko ɗaya, sai dai a cire watanni a bar shekaru, yadda wanda ya yi wata huɗu a kujera, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, zai bayyana kamar ya shekara biyu. Ko a sauya tsarin jerin, a kawo tsohon muƙamin da aka gama lafiya a sa shi gaba, wanda aka fita da rigima a tura shi cikin "da sauransu". Babu jimla ɗaya da za ka kama ka ce ƙarya ce, amma mai karatu ya tashi da abin da ba haka yake ba. A ganina wannan ya fi almakashi haɗari, domin shafin da aka yanke yana barin tabo, wannan kuwa ba ya barin komai.

Akwai kuma inda tarihin ne da kansa ya kayar da mai shi. Mutanen Kano ba su manta Salisu Buhari ba. An zaɓe shi kakakin Majalisar Wakilai a Yuni 1999, mujallar TheNews ta bankaɗo cewa digirin Jami'ar Toronto da ke cikin takardunsa babu shi, kuma ya ƙara wa kansa shekaru, domin bai kai talatin da tsarin mulki ya gindaya ba. A Yuli ya sauka yana hawaye, ya amsa laifi a kotu, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. A Jamus, Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg a Fabrairu 2011 saboda kwafar rubutun wasu, ya sauka ranar 1 ga Maris. A Amurka, Scott Thompson ya yi wata huɗu kacal yana shugabancin Yahoo a 2012, domin tarihinsa na kamfani ya ce yana da digiri a ilimin kwamfuta alhali na akanta kaɗai gare shi. A irin waɗannan, goge digirin ƙarya daga takarda wajibi ne, babu mai jayayya. Matsalar tana zuwa ne a gyara na biyu, wanda ake yi a hankali bayan ƙura ta lafa, inda za a rubuta "tsohon kakaki" ko "tsohon minista" a wuce, kamar wa'adi ne ya ƙare. Afuwar shugaban ƙasa tana ɗauke hukunci, tana mayar wa mutum 'yancinsa, kuma ina ganin daidai ne a bar wanda ya tuba ya ci gaba da rayuwa. Amma afuwa ba ta mayar da abin da ya faru ya zama bai faru ba.

Wanda ya faɗi ma ba ya zama hannu rabbana. Richard Nixon ya sauka daga shugabancin Amurka a Agusta 1974 saboda badaƙalar Watergate. Da aka buɗe ɗakin adana tarihinsa a Kalifoniya a 1990, makusantansa ne ke tafiyar da shi, kuma sashen da ya shafi badaƙalar ya nuna ta a matsayin maƙarƙashiyar abokan gaba don kifar da zaɓaɓɓen shugaba. Shekara goma sha bakwai baƙi suna shiga suna karanta haka. Sai da hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar ta karɓi wurin a 2007 aka rushe sashen, aka buɗe sabo a 2011 wanda ya dogara da takardu da faifan muryar Nixon ɗin kansa. Abin lura a nan shi ne, gyaran bai yiwu ba sai da alƙalami ya fita daga hannun iyali da masoya ya koma hannun hukumar da ba ta cin abinci da sunan mutumin.

Namu manyan sun fi son littafi. A Fabrairu 2025 Janar Ibrahim Babangida ya ƙaddamar da tarihin rayuwarsa a Abuja, ya amince cewa Mashood Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni 1993, ya nuna nadama. Wannan amincewa tana da daraja, ko da ta zo bayan shekara kusan talatin da biyu. Amma a littafin ya ɗora nauyin soke zaɓen a kan wasu hafsoshi ƙarƙashin Janar Sani Abacha, wanda ya rasu tun 1998. Wanda ya fi abokan aikinsa tsawon rai yana da wata dama da babu mai ƙwace masa, shi zai ba da labari na ƙarshe. Don haka irin wannan littafi shaida ce ta mutum ɗaya, a saurare ta, a ajiye ta kusa da ta sauran.

To, kada a fahimce ni da cewa duk gyara ha'inci ne. Sau da yawa rubutun farko shi ne zalunci, gyaran kuma shi ne adalci. An hamɓarar da Janar Yakubu Gowon a Yuli 1975 yana taro a Kampala. Bayan yunƙurin juyin mulkin Dimka na Fabrairu 1976 aka alaƙanta shi da lamarin, aka tuɓe masa muƙaminsa na soja, ya zauna Ingila yana karatu a Jami'ar Warwick. Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1981, aka mayar masa da muƙaminsa a 1987. Abiola ya mutu a tsare a 1998 da tuhumar cin amanar ƙasa a kansa. A Yuni 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba shi lambar girmamawa mafi girma, wadda ake ba shugabannin ƙasa, ya kuma mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya. Da za a ce tarihi ya daskare a ranar faɗuwa, da waɗannan mutane sun tabbata da tambarin da masu iko na lokacin suka buga musu.

Labarin Kemi Adeosun ya fi nuna yadda gyara na gaskiya ya kamata ya kasance. Ta sauka daga ministar kuɗi a Satumba 2018 bayan jaridar Premium Times ta ruwaito cewa takardarta ta yafe hidimar ƙasa jabu ce. A wasiƙarta ta amince takardar ba sahihiya ba ce, ta ce ba da saninta aka yi ba. A 2021 wata Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa tun asali hidimar ƙasa ba ta hau kanta ba. Mai ƙaunarta zai rubuta hukuncin 2021 kaɗai, maƙiyinta ya tsaya a 2018. Tarihin da ya cancanci sunansa zai kawo biyun a jere, kowanne da shekararsa, ya bar mai karatu da hankalinsa. Bambancin kenan da nake gani tsakanin gyara da maguɗi: mai gyara ƙari yake yi a kan abin da ke rubuce, mai maguɗi kuwa cirewa yake. Ko masu shirya tseren keke na Faransa, da aka ƙwace kambuna bakwai na Lance Armstrong a 2012 saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari, ba su cike gurbin da wasu sunaye ba. Daga 1999 zuwa 2005 an bar wurin zakara fayau, duk wanda ya duba jerin dole ya tambayi abin da ya faru.

Na san abin da wani dattijo zai ce mini, kuma maganarsa tana da nauyi. Mu mutane ne masu roƙon Allah rufin asiri safe da yamma, an kuma hore mu da suturta ɗan'uwa. Mutum ya yi kuskure shekara ashirin da suka wuce, yana da 'ya'ya da jikoki, don me za a riƙa tono? Na yarda da wannan a kan abin da ya shafi gidan mutum, da aurensa, da rashin lafiyarsa, da zunubin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma yadda mutum ya riƙe amanar jama'a ba asirinsa ba ne shi kaɗai, akwai haƙƙin waɗanda aka riƙe amanar dominsu. Malaman hadisi sun fi mu tsoron giba, duk da haka suka kafa ilimi sukutum na tantance masu ruwaya. Suna rubuta cewa wane mai gaskiya ne amma haddarsa ta rikice a ƙarshen rayuwa, a karɓi abin da aka ji daga gare shi kafin nan, a yi hattara da na bayan nan. Ba su goge shi daga littafi ba, ba su kuma ɓoye rauninsa ba. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki har da gargaɗin jama'a a kan wanda za su miƙa wa al'amarinsu. Ko kotun Tarayyar Turai, da ta yanke a Mayu 2014 cewa mutum na iya neman Google ya daina nuna wasu tsofaffin bayanai a kansa, ta bambanta talaka da mai riƙe da matsayi a idon jama'a, ta ce a nan haƙƙin mutane na sani yana iya rinjaya.

Zamanin intanet ya sauƙaƙa gogewa, ya kuma sauƙaƙa kamawa. Abin da maɗaba'ar Mosko ta buƙaci wasiƙu da reza kafin ta yi, yau hadimi ɗaya zai yi shi da waya cikin dare. Tun 2006 aka gano ma'aikatan wasu 'yan majalisar Amurka suna shiga Wikipedia daga kwamfutocin ofis suna cire alƙawuran da iyayen gidansu suka saɓa. An kama su ne saboda shafin yana ajiye kowane gyara da lokacinsa, kamar yadda rumbun Internet Archive ke ajiye tsofaffin kwafin shafuka. Damuwata ita ce mu a nan ajiyarmu ba ta da ƙarfi. Sabuwar gwamnati ta zo, a rushe shafin tsohuwa gaba ɗaya, jawabai da sunaye da rahotanni su tafi. Rahoton kwamitin bincike ya kwanta a durowa ba a buga shi ba. Jaridun da suka ba da labarin a lokacinsa sai ka je Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna kafin ka gan su, in an yi sa'a ba su lalace ba. Inda babu wata takarda da za a gwada, abin da hadimi ya rubuta a ƙasidar taro shi ke zama tarihi, ɗalibi ya kwafa a kundin digirinsa, ɗan jarida ya kwafa ranar ta'aziyya.

Saboda haka roƙona ga abokan aiki 'yan jarida, da masu gabatarwa a rediyo, da malaman da ake ba aikin rubuta tarihin wanda za a karrama: kada ku karɓi takarda daga ofishin mutum ku karanta ta yadda ta zo. A kowane muƙami na jama'a ku rubuta shekarar shiga da ta fita da yadda aka fita, in wa'adi ne ya cika ku ce haka, in sauke shi aka yi ku ce haka, in kotu ta wanke shi daga baya ku ƙara wannan da shekararsa. Ba sai an yi zagi ba, ba sai an ƙara gishiri ba. Kai kuma mai karatu, ranar da aka miƙo maka tarihin mai neman ƙuri'arka, ka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, inda ka ga an yi tsalle ka tsaya ka tambayi abin da ya faru a wurin.